Shimfiɗar takalmi ta awo ba soso ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin masu fama da ciwon tafin ƙafa, musamman masu wuni a tsaye irin su malaman makaranta, 'yan kasuwa da ma'aikatan jinya. Da yawa sukan kai takalmi wajen shumeka ya yanko soso ya liƙa a ciki. Kwana kaɗan soson ya lotse, ciwo ya dawo.

Ciwon da aka fi kawowa shi ne na dunduniya, wanda ke sukar mutum a takun farko da asuba, ya lafa in an ɗan yi tafiya. Wani tantani mai ƙarfi ne da ya tashi daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu yake wahala saboda yawan ja. Taushi kaɗai ba ya sauke masa nauyi, sai an tallafi kwarmin tafin ƙafa.

Shimfiɗar awo kuwa a kan ƙafar mai ita ake ƙera ta. Za a duba tafiyarsa da gefen da tsohon takalminsa ya fi cinyewa, sannan a ɗauki siffar ƙafar da filasta irin ta ɗaurin karaya, ko a danna ta cikin akwatin kumfa mai lotsewa ya riƙe sawun ƙafa, ko a ɗauka da na'ura. Dole a riƙe ƙafar daidai a lokacin, domin in ta karkata, karkatar ce za a ƙera. Daga nan a gasa roba mai ƙarfi, kaurinta kamar milimita 3 zuwa 5 gwargwadon nauyin mutum, a lanƙwasa ta a kan siffar, a yi wa dunduniya gurbi, a rufe da abu mai laushi. In ciwon a gaban ƙafa yake, ɗan tudun da ake sakawa a bayan gindin yatsu yake zama. Ya matsa gaba kaɗan, to ciwo zai ƙara. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen da ke irin wannan aiki.

Inda ake yawan ɓata abin shi ne takalmin. Shimfiɗar ba ta zama a silifas ko fade. Tana son sau-ciki mai taurin baya, a cire shimfiɗarsa ta asali, in ba haka ba yatsu su matse. Kuma ba a wuni da ita ranar farko: awa 1 ko 2, a riƙa ƙara awa guda kullum har kusan mako 2. Wanda ya dawo gida ya ci gaba da yawo ba takalmi a kan tayil, ya warware aikin yini.

Mu faɗi gaskiya, ba kowa ke bukatar ta awo ba. A ciwon dunduniya na yau da kullum, shimfiɗa mai kyau ta kanti takan yi aiki kusan ɗaya, in an haɗa da miƙa sha-raɓa: a dafa bango, a tura ƙafa mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma. Kuɗin awo ya fi dacewa da ƙafar da ta karkace sosai, ko wadda ta fi 'yar'uwarta gajarta, ko ta mai ciwon suga.

Mai suga shi ne abin tsoro, domin ƙafarsa kan daina jin zafi, roba ta ci fata bai sani ba. Tasa shimfiɗar mai laushi ce, hawa-hawa, don raba nauyi. Ya duba tafinsa kullum, ko da madubi ne. In ya cire takalmi ya ga wurin da ya yi ja ko ya yi duhu, bai washe ba bayan minti 30, ya ajiye shimfiɗar ya koma wajen masu ƙera ta a rage wurin da ke danna shi. Kada ya kankare kantar ƙafarsa da reza.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan gyaran ƙafa da gaɓoɓi,
Kano