A bayyana wa direbobinmu matsakaicin gudu da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin fizik ne a nan Damagaram, kuma abin da na ji a tasha ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani direba yana alfahari wai allurar motarsa ta kai 120 a hanyar Maraɗi. Na ce masa, Malam, awa nawa ka yi? Ya ce huɗu. To, tsakanin Zinder da Maraɗi kusan kilomita 240 ne. In ka raba 240 gida huɗu, ka samu kilomita 60 a awa. Wannan shi ne matsakaicin gudu: duk tafiyar da aka yi, a raba ta da duk lokacin da ta ci, har da tsayawa a shingen jandarma da sallar da aka yi a Tasawa. Allura kuwa gudun wannan daƙiƙar kaɗai take nunawa.

Abin da ya fi damuna 'yan kabu-kabu ne. Daga nan zuwa Mirriya wajen kilomita 18 ne. Mai tafiya da 60 zai isa cikin minti 18, mai tafiya da 90 cikin minti 12. Saboda minti shida ake jefa rayuwar fasinja cikin haɗari, wani lokacin mace da goyo. Ko ɗalibaina suna tuntuɓe a nan: wanda ya je Mirriya da 60 ya komo da 40 sai su ce matsakaicinsa 50. A'a, 48 ne, don minti 45 ya yi a kan kilomita 36.

Akwai kuma matsakaicin gudu mai alƙibla. Shi ba ruwansa da kwane-kwanen hanya, tazarar da ke tsakanin inda ka tashi da inda ka tsaya ake rabawa da lokacin da aka ci, a kuma faɗi gefen da ka nufa. Wanda ya je Mirriya ya dawo gida, nasa sifili ne ko da mai ya ƙare masa. Masu hasashen yanayi da shi suke aiki: hadarin da ya taso daga gabas, sai sun san saurinsa da inda ya dosa kafin su faɗi sa'ar da zai iso mana.

Roƙona shi ne ku ware minti goma a mako, ku gayyaci malamin lissafi da shugaban direbobi su zauna su yi wannan lissafi da Hausa, da hanyoyin da muke bi kullum. In an neme ni, zan zo da allona.

Naku,
Malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram