Ɗan kwangila ya zuga maka kuɗi? Ga inda ake bi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin masu gina gida kan rigimar da ta zama ruwan dare: an yi ciniki, gini ya kai linta, sai ɗan kwangila ya zo da lissafin da ya ninka na farko. Da yawa caji ofis suke fara nufa, kuma ɓata lokaci ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Sai fa idan ya karɓi kuɗin siminti ya cinye, ko ya kawo rasit na bogi. Wannan kam cin amana ne ko zamba, kuma laifi ne.

A fara duba irin cinikin. Idan jimla aka yi, kaya da aiki duk a wuyansa, tashin farashin siminti ba hujja ba ne, sai in an rubuta cewa za a sake lale idan kaya suka tashi. Amma in kai ne ka ce a ƙara ɗaki ko a canza tayil, bashi ya hau kanka ko da ba a yanka farashi ba. Kotu za ta ba shi ladan da aka saba biya kan irin aikin, abin da malaman fiƙihu ke kira ujratul misli. Nan ne masu gida suka fi faɗuwa, domin da baki suke ba da umarni a bakin gini.

Kafin ka ce an cuce ka, auna. Bulo mai inci 9 kusan guda 10 ne ke cin murabba'in mita ɗaya na bango. Bangon da tsawonsa mita 12, tsayinsa mita 3, bulo wajen 360 ke nan, tun ba a cire ƙofa da taga ba. In an rubuta maka 600, ka ga wurin tambaya. Rodi mai milimita 12 kuwa, tan ɗaya sanda 93 ne ko 94. Ɗauko ƙwararren mai ƙiyasin kuɗin gini, wanda ke da rajista, ya auna ya rubuta rahoto. Kada ka bari wani magini ya ɗora hannu kafin nan, in ba haka ba shaida ta bi yaɓe.

Daga nan ka rubuta masa takardar neman haƙƙi: ga abin da na biya, ga darajar aikin, ga bambancin, ga wa'adi. Haɗa da rasit, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp. Abin da babu jayayya a kansa ka biya shi, domin riƙe duka yakan mai da mai gaskiya mai laifi.

In ya ƙi, a Kano akwai cibiyar sasanci ta babbar kotu, wato Multi-Door Courthouse, wadda ta fi arha da sauri. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a 2019 da iyakar naira miliyan 5 a lokacin, inda ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Sharaɗinta shi ne kuɗin da ake nema ya zama ƙayyadadde, shi ya sa rahoton mai ƙiyasi ke da muhimmanci. Musulmi biyu na iya zuwa kotun shari'ar Musulunci, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ma tana karɓar koke. Kuɗi masu yawa kuwa sai babbar kotu, da lauya.

Kada dai a yi ta jan ƙafa ana jiran surukai da dattawan unguwa su sasanta. Ƙarar yarjejeniya tana da wa'adi, shekara 5 ko 6 gwargwadon dokar jiha, kuma idan ya wuce kotu ba za ta saurara ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano