Kafin a mayar da shaguna makaranta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi kira ga masu gine-ginen kasuwanci a Kano. Yanzu sai ka ga benen da aka gina don shaguna ya koma makaranta ko sito. A rushe bangon tsakiya, a sake fenti, shi ke nan. Alhali benen da aka yi wa masu atamfa ba lallai ya ɗauki buhunan shinkafa jibge har rufi ba.

Na shiga wata makaranta irin wannan. Matattakala ɗaya ce siririya, tagogi duk an datse da ƙarfe. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ta ina yara za su fita?

Takardar mallakar fili tana faɗin abin da aka ba da shi dominsa, canzawa sai da izini. Mai gini ya nemi mai zane da ke da rajistar ARCON, hukumar yi wa masu zanen gine-gine rajista, ya sabunta zanen, ya nuna ƙofofin fita da banɗakuna. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya auna ƙarfin ginshiƙai, sannan a kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano. Ita ma hukumar ina roƙon ta riƙa bayyana matakan da kuɗinsu a rediyo da Hausa.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano.