Wasiƙa ga Masu Neman Kebul Ɗin Haɗa Waya da Talabijin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku abokan cinikinmu na cikin garin Gombe, da masu zuwa mana daga Kumo, Dukku, Bajoga da Billiri, muna gaisuwa da fatan iyali da harkoki suna lafiya.

Daga wannan mako ba za mu ƙara sayar da kebul ɗin haɗa waya da talabijin ba sai an gwada shi da ainihin wayar da za a yi aiki da ita, a gaban mai saye, a kan talabijin ɗin da muka ajiye a shago saboda haka. Wanda ya aiko yaro da kuɗi kawai ya yi mana haƙuri, za mu ce ya koma ya zo da wayar. A cikin kayan da ake dawo mana da su babu wanda ya kai wannan kebul yawa, kuma galibi idan muka gwada sai mu tarar lafiyarsa ƙalau. Wayar ce ba ta fitar da hoto.

Ramin caji na Type-C a ido iri ɗaya ne a kowace waya, amma cikinsa ba ɗaya ba ne. Yana da gurbin ƙafa 24. Kamfanin da ke son wayarsa ta yi araha yakan haɗa ƙafafun caji da na USB 2.0 kawai, ya bar sauran a banza. Hoton talabijin kuwa ta waɗannan da aka bari yake bi, a tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode, wanda ya fito a 2014. Kamar famfo ne da aka kafa ba a ja masa bututu ba, ko an canja masa kai sau goma ruwa ba zai zo ba. Babu manhaja ko saitin da zai gyara wannan, kuma duk mai gyaran da ya ce zai buɗe muku shi da kwamfuta kuɗinku yake so.

Masu fitar da hoto kai tsaye sun haɗa da mafi yawan Samsung jerin S tun daga S8 na 2017, jerin Note daga Note 8, da Fold, sai manyan Huawei irin su Mate 10 da P20, da Pixel 8 bayan sabuntawar da aka yi masa a 2024. Haka iPhone 15 da 16, amma ban da 16e, wanda duk da Type-C gare shi ba ya yi. Mafi yawan Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung jerin A, wato wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, ba sa yi. Wannan ba aibi ba ne ga wayar, ba a dai ƙera ta don haka ba.

To, jan kebul ɗin nan mai kawuna uku fa, da ake rubuta wa a kwali cewa yana aiki da kowace waya? Shi wata dabara yake yi. Akwai ƙaramar na'ura a jikinsa da sai an ba ta wuta ta kan USB ɗin da ya fito gefe, sannan a saukar da manhaja ko a kunna abin da waya ke kira "USB debugging". Manhajar ce ke ɗaukar hoton allon wayar, ta matse shi, ta tura ta layin USB 2.0 mai megabit 480 a daƙiƙa, alhali cikakken hoton 1080p mai firam 60 yana bukatar kusan gigabit 3, ninki shida ke nan da 'yan kai. Shi ya sa a wasan ƙwallo za ku ga da an buga dogon fasin hoton ya farfashe, bakin mai magana ya riga muryarsa ko ya biyo bayanta, wani lokaci ma sautin ya tsaya a waya bai shiga talabijin ba. Netflix da makamantansa baƙin allo suke nunawa. Abin da ya fi damunmu shi ne "USB debugging" ɗin: ƙofa ce da ke bai wa abin da aka jona damar sarrafa waya, har wasu manhajojin banki sukan ƙi buɗewa muddin tana kunne. Mai harkar POS ko mai ajiye kuɗin kasuwa a waya, ba mu ba shi shawara ba sam. Mun bar kaɗan a shago saboda masu nuna hotunan biki ko rubutun darasi, inda jinkirin daƙiƙa ɗaya ba ya ɓata komai.

Masu iPhone mai ramin Lightning, daga iPhone 5 zuwa 14, adaftar Apple ta asali tana ba da 1080p kuma tana da gurbin caji a gefe. Jabunta ya cika kasuwa, kwali da komai sak. Ga yadda ake gane shi: ta asali tana nuna hoto ko ba a sa mata caja ba, jabu kuwa galibi sai da caja, kuma wayar za ta tambaye ku "Trust". Yakan yi aiki wata da watanni, ranar da aka sabunta iOS, wato manhajar da ke tafiyar da iPhone, ya tsaya cak. Muna da iri biyun, kuma kowanne za mu gaya muku sunansa na gaskiya.

Tsofaffin Samsung masu micro-USB, daga S3 zuwa S5 da Note 2 zuwa Note 4, kebul ɗin MHL mai ƙafa 11 suke amfani da shi. Ya yi wuya yanzu, sai an yi oda.

Idan waya ta ci gwaji, haɗawar ba wuya. A kashe talabijin daga soket, a cusa kan kebul ɗin da ke shiga talabijin, wato HDMI, a bayansa, a duba lambar da ke jikin ramin, 1 ne ko 2. A kunna, a danna "Source" ko "Input" a rimot, a zaɓi wannan lambar, sannan a jona waya tana buɗe. A jira daƙiƙa goma. Samsung na iya buɗe DeX, allo ya koma kamar na kwamfuta. A jawo saman waya ƙasa a kashe shi, hoton wayar zai fito. A kunna juyawar allo a kwantar da wayar. Baƙin layi sama da ƙasa ba matsala ba ce, wayoyin yanzu dogaye ne, kusan 20:9, talabijin kuma 16:9. Idan gefen hoton ne ya yanke, a nemi "Just Scan" a LG ko "Screen Fit" a Samsung.

Kashewar da muka ce a yi kafin a jona ba tsoro ba ne kawai. Gidaje da yawa ba su da wayar wutar da ake binnewa a ƙasa, wato "earth", a wayarin ɗinsu, shi ya sa wani talabijin ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙarfen bayansa, musamman idan an haɗa shi da dikoda da dish. Wannan 'yar wutar na iya ƙona ramin HDMI ko adafta. Idan za a sauya daga NEPA zuwa janareta a cire wayar tukuna, haka ma da damina idan hadari ya haɗo ana walƙiya.

"No Signal" ko hoto mai ɗaukewa yana dawowa, kafin a zargi kebul a leƙa ramin waya da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ƙasansa, kan kebul ya kasa shiga har ƙarshe. Caji zai ci gaba da yi, hoto ne ke fara yankewa. A kashe wayar a zaƙulo dattin a hankali da tsinken sakace, kada a sa allura ko fil. Rigar waya mai kauri ma tana hana shi zama daidai.

Batun zafi kuwa, waya tana nuna bidiyo, tana jan data, tana caji a lokaci guda, ga ranar Maris da Afrilu ta Gombe da ke taɓa digiri 40. Za ta rage haske da kanta ko ta daina caji, kuma a kwana a tashi batir ya kumbura. A cire mata riga, a ɗora ta kan tebur kusa da fanka, ba kan katifa ko saman dikoda ba. Mai kallo na awa biyu ko fiye ya ɗauki adafta mai gurbin caji mai sauri da ake kira PD, da caja mai wat 20 ko 25. Kebul zalla ba ya caji, batir yake sha.

Kebul ɗin kansa ba ya cin data. Sai dai bidiyon 360p da ke da kyau a tafin hannu dishi-dishi yake zama a inci 43, kuma da an ɗaga shi zuwa HD lissafi ya canja: Netflix kan ci har 3GB a awa ɗaya.

Mai tsohon talabijin mai ramuka uku, rawaya da ja da fari, yana bukatar ƙaramin akwatin HDMI2AV bayan adaftar. A karanta rubutun da kyau, domin AV2HDMI akasinsa yake yi kuma kamanninsu ɗaya. Yana son wutar bolt 5, kuma a tura maɓallin gefensa zuwa PAL, in ba haka ba hoto zai fito fari da baƙi ko ya riƙa birgima. Ƙananan rubutu ba za su karantu sosai ba, layi 576 ne iyakarsa. Malaman makarantu masu furojekta mai VGA su tuna VGA ba ya ɗaukar sauti, sai adafta mai ramin sifika.

Masu gidajen kallo: HDMI na yau da kullum har mita 5 babu damuwa, daga mita 10 sai mai kauri, idan ya haura 15 gara a sa na'urar miƙawa ta kebul ɗin intanet na Cat6. Talabijin biyu ko huɗu kuma sai akwatin raba hoto mai cajarsa, ba 'yar igiyar nan mai reshe biyu ba.

A majalisa ko cikin iyali, a tuna duk abin da ya shigo waya zai fito a bango: saƙon WhatsApp, alat na banki, har lambar sirri ta OTP. A kunna "Do Not Disturb" kafin a jona.

Wanda wayarsa ba ta yi, kada ya ɓata kuɗinsa. Ya kwafi bidiyon a filas ya sa a ramin USB na talabijin, amma idan an yi wa filas ɗin fomat da tsarin FAT32 ne, fayil ɗaya ba zai wuce 4GB ba. Jona waya da kebul ɗin caji a wannan ramin ba ya nuna allo, caji kawai zai yi ko ya buɗe fayiloli.

Idan za ku zo, ku taho da wayar da cajarta, da hoton bayan talabijin ɗinku inda ramukan suke. Gwaji kyauta ne ko ba a saya ba. Abin da muka gwada tare ya yi aiki, idan ya samu matsala cikin kwana 7 za mu canja shi, muddin an zo da rasit kuma kan bai lanƙwashe ko ya ƙone ba. Waɗanda suka sayi jan kebul a wurinmu a baya bai yi musu ba, su kawo shi mu duba abin da ya dace da wayarsu. Muna buɗewa Litinin zuwa Asabar, ranar Juma'a kuma muna rufewa daga ƙarfe 12 sai bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya bar zumunci.

Wassalam,
Masu shago da ma'aikata,
Gombe.