Masu ciwon suga, a riƙa juya ƙunshin stevia a karanta bayansa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu ciwon suga, da iyalan da ke ɗawainiyar abincinsu. Ni ma na daɗe ina fama da ciwon, kuma tunda aka fara yayata ganyen nan da ake kira stevia, tambaya ba ta bar ni na huta ba. Kowa so yake a ce masa ga abin da zai sha ya ji zaƙi kamar da, suga kuma ya kwanta.

Stevia dai ba ƙarya ba ce. Tsiro ne na ƙasashen Paraguay da Brazil, can Kudancin Amurka, inda 'yan ƙabilar Guarani suka daɗe suna jefa ganyensa a shayinsu. Wani masanin tsirrai, Moises Bertoni, ya yi bayaninsa a rubuce a 1899, a 1931 kuma wasu masana biyu a Faransa suka tace sinadarin da ke ɗauke da zaƙin. Japan ta riga kowa sa shi a kasuwa tun 1971. Amurka sai a 2008 ta amince da tataccensa, Tarayyar Turai kuma a 2011, inda ake rubuta shi da lambar E960 a jikin kaya. Dalilin da ba ya tayar da suga shi ne ciki da ƙaramin hanji ba sa narkar da shi. Wucewa yake yi har babban hanji, ƙwayoyin da ke can su farfasa shi, hanta ta ƙarasa aikin, ya fita ta fitsari.

Ga inda gizo ke saƙar. Tataccen stevia ya ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, don haka abin da kofin shayi ke buƙata bai fi ɗan abin da zai maƙale a bakin tsinke ba. Ba wanda zai iya auna wannan da cokali. Shi ya sa kamfanoni ke cakuɗa shi da wani farin gari don ya yi auki, ya yi kama da sukarin da ido ya saba gani. A gaban ƙunshi za ka ga koren ganye zane raɗau da manyan baƙaƙe. Juya bayansa, ka sa tabarau idan irina ne kai, don rubutun ƙanana ne ƙwarai. A ƙa'ida, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, kuma sau da yawa stevia ce ta ƙarshe a layi. Na farko kan zama dextrose, wanda shi ne gulukos ɗin da muke gudu, ko maltodextrin, wanda daga sitaci ake yin sa, yana shiga ciki ya koma gulukos nan take. Ɗan ƙunshi guda na giram ɗaya ba zai yi wata ɓarna ba, gaskiya. Amma na ga mai yage ƙunshi bayan ƙunshi yana juyewa a kofi, yana cewa ai wannan ba ya komai.

Wasu kuma da erythritol, wani sinadarin zaƙi, suke cika shi. Wannan ba ya tayar da suga, sai dai a 2023 masu bincike a Cleveland Clinic ta Amurka sun wallafa a mujallar Nature Medicine cewa waɗanda ke da shi da yawa a jini sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Alaƙa suka gano, ba su yanke cewa shi ne sanadi ba. To amma yawancin mutanen da aka bincika masu haɗarin ciwon zuciya ne tun asali, wato irinmu. Ni dai na koma stevia ta ruwa wadda ake ɗigawa, bayan na karanta abin da ke cikinta.

Wanda zai fara, ya fara da kaɗan. Stevia tana da wani ɗaci-ɗaci da ke biyo bayan zaƙin ya tsaya a maƙogwaro, kuma in ka ƙara don ka danne shi, ƙaruwa yake yi. Masu gashin burodi ko kek su sani yis ba ya cin ta, ba ta kuma sa saman ya yi ja. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade miligiram 4 na sinadarin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 280 ga mai kilo 70.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: zuma da dabino. Sau nawa aka zo duba ni aka ce, "Ka bar sukari ka koma zuma, ita ba ta da illa"? Ban zo rage wa zuma daraja ba. Amma kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, gulukos da furuktos, sauran galibi ruwa. Babban cokalinta na ɗauke da kalori wajen 64, na sukari bai kai 50 ba. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana, ya fi ma kyau a tsaya ƙasa da kashi 5, wajen giram 25 ko ƙananan cokula 6, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace ta lissafa a ciki. Jaririn da bai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Cin ƙwara ɗaya ko biyu da ɓawonsa daban yake da a markaɗa cikin tafi a juye a kofi. Haka jan sukari, haka sukarin kwakwa. Mai ciwon suga da ya bar farin sukari ya koma waɗannan ba tare da awo ba, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Wanda ke musu, yana da na'urar gwaji: ya tsaga yatsa kafin ya sha, ya sake bayan awa biyu.

Masu neman rage ƙiba su ma kada su dogara da stevia. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ɗauki irin waɗannan abubuwan zaƙi a matsayin hanyar rage nauyi, ta kuma ambaci stevia a ciki, kodayake ta ce shawarar ba ta shafi waɗanda tuni suke da ciwon suga ba. A ganina sun yi gaskiya. Harshe sabo ne. Da na riƙa rage zaƙin shayina sannu a hankali, sai ga shi abin da nake sha a da ya koma yana gundura ta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi sa ni ɗaukar alƙalami. Akwai gidajen da saboda ƙauna aka kwashe sukari kaf aka bar stevia kawai, alhali maigidan allurar insulin yake yi ko yana shan ƙwayar da ke sauke suga. Ranar da suga ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji, jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, jiri ya kama shi, stevia ba za ta yi masa komai ba ko da an juye masa kwalba guda. Sukari na gaske yake buƙata, wajen giram 15, wato babban cokali ɗaya a ruwa, ko rabin kofin lemo mai sukari, a sake gwadawa bayan minti 15. A nan zuma ma ta yi. In ya riga ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Kuma duk wanda zai rage sukari da yawa alhali yana kan magani, ya fara sanar da likitansa, don wataƙila maganin ma sai an rage.

Na gode, Edita.

Naku,
Wani mai karatu