Kawu, eh na yi allurar korona kuma na kamu, ga amsarka

Kawu barka da war haka, ya sanyi ya ƙura. Ranar sunan nan a gaban kowa ka ɗaga murya ka ce min "kai ɗan asibiti, ba kai ne ka ishe mu da a yi allura a yi allura ba, ga shi ka yi har biyu kuma ka kwanta, to ina amfaninta? ni fa abin nan mura ce kawai aka canja mata suna." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, dan ba zan tsaya musu da kai ana tsakiyar rabon waina ba. Amma tunda a bainar jama'a ka tambaya bari in amsa inda su ma za su gani.

Gaskiya ne na kamu, ban ɓoye ba. Allurar korona ta kamfanin AstraZeneca na yi sau biyu a 2021, cikin waɗanda aka kawo ƙasar nan a watan Maris ta COVAX, shirin raba wa ƙasashe allurar korona, wajen miliyan 4, irin wadda aka yi wa Buhari a gaban kyamara. Sai ga shi a Disamba maƙogwaro ya kama ni kamar na haɗiyi ƙaya, ga zazzaɓi ga ciwon kai, na yi gwaji ya nuna korona ce. Lokacin nau'in Omicron ne ke yawo, wanda aka fara ganowa a kudancin Afirka a watan Nuwamba, shi kuwa ya iya zillewa garkuwar jiki fiye da na baya. Kwana biyar ina ɗaki ina shan farasitamol da ruwan zafi, na tashi. Ban hau gadon asibiti ba, ba a saka min oksijin ba.

Toh a nan ne muka saɓa da kai Kawu, kai ka ɗauka allura laya ce, wadda in ka ɗaura cuta ta ganka ta kauce. Ba haka take aiki ba. Abin da take yi shi ne ta nuna wa jiki kamannin ƙwayar cutar tun kafin ta zo, sai bayan wajen sati biyu ma take kama jiki sosai, ta yadda in cutar ta shigo za ta tarar an shirya mata, maimakon ta sauka huhu ta hana mutum numfashi sai a tare ta tun a hanci da maƙogwaro. Kuma ba zan yi maka ƙarya in ce allura ce kaɗai ta tashe ni ba, ni da sauran ƙuruciyata, wataƙila ko ban yi ba da na warke. Amma kai fa? Ka haura sittin, ga ciwon suga ga hawan jini da ba kullum kake shan maganinsa ba, kar ka ce ban sani ba, Inna ta faɗa min. Irinku ne cutar nan ta fi kwasa tun farko.

Maganar mura kuwa, matsalar kalmar ce. Mu duk abin da ya sa atishawa da yoyon hanci mura muke ce masa, amma a asibiti an raba, akwai murar yau da kullum ta kwana uku, akwai kuma mai tsanani wadda ake kira infuluwanza, ita ba wasa ba ce, hukumar lafiya ta duniya ta ce duk shekara tana kashe mutum tsakanin dubu 290 zuwa dubu 650. A 1918 ma ta zagaye duniya har nan ƙasar ta yi mummunar ɓarna. Kaga ko da murar ce kamar yadda ka ce, ai ba abin rainawa ba ne. Balle kuma ba ita ba ce, ƙwayoyin daban-daban ne, allurar wannan ba ta kare wancan, kuma mutum ɗaya zai iya kwasar duka biyun lokaci guda musamman yanzu da hunturu kowa ya rufe taga an cunkushe a ɗaki. Da ido ba a bambance su, sai gwaji, duk da dai in ka ji ƙamshin miya ya ɗauke maka gaba ɗaya toh ka zargi korona.

Kuma Kawu ka tuna Afrilun 2020 a Kano, kai da kanka ka ce min ka gaji da zuwa jana'iza, masu haƙar kabari suna ta kuka da yawan aiki, manyan malamai da dattawa suna ta tafiya. Daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin suna da alaƙa da korona. A watan ne Abba Kyari ya rasu, mutumin da babu asibitin da ya fi ƙarfinsa. Wace mura ce muka taɓa gani ta yi haka a sati huɗu?

Na san asalin abin da ke ranka ko baka faɗa ba, maganar kamfanin magani na Pfizer ce ta 1996, da suka yi gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau a Kano, yara 200 aka saka a gwajin, wajen rabi aka ba su Trovan sauran aka ba su wani magani, 11 suka rasu. Wallahi ban ga laifin wanda ya kasa mantawa ba, ni ma abin yana ci min rai. Amma wancan gwaji ne a kan yaranmu ba tare da an yi wa iyaye cikakken bayani ba, wannan kuwa turawan sun fara yi wa tsofaffinsu ne har suna rige-rige, mu sai ragowa aka turo mana, wasu ma dab da lalacewa, shi ya sa a Disamban 2021 aka lalata allurai sama da miliyan 1 a Abuja. In akwai abin jin haushi wannan ne. Illar allurar kuma ban ɓoye maka ba, hannu zai yi tsami, ƙila zazzaɓin kwana ɗaya, akwai kuma matsalar daskarewar jini da aka samu ga mutane ƙalilan ƙwarai da AstraZeneca, kuma an fi ganinta ga masu ƙananan shekaru.

In ka ce min komai ƙaddara ce, ai kai ka koya min labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ga kuma Hajjin da kake tara wa kuɗi, a 2021 ko mazauna Saudiyyar sai mai allura aka bari ya yi.

Ranar Talata ba ni da aiki, zan zo da mashin bayan ka karya, ka ɗauko katin asibitinka da magungunan da kake sha a fara auna jinin da sugan tukunna. In ka yi zazzaɓi da daddare ni zan kwana a gidan, kunun gyaɗa ma ni zan biya.

Ɗanka ɗan asibiti.