Barka da Sallah daga Montana

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Babbar Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana.

Mun yi Idi da safe a wani ɗan zaure, ba mu cika sahu uku ba, ana sallamewa kowa ya kama gabansa. Maƙwabcina, wani dattijon Bature, da ya ga na yi jugum, sai ya ɗauke ni zuwa filin da suke gwajin harbi a bayan gari. Kada hankalin Inna ya tashi, akwai mai kula da wurin, kuma ba a taɓa kunama sai da izininsa.

Bindigar tasa irin ta da ce, samfurin Sharps na 1874, wadda aka yi farautar ɓauna da ita har aka kusa ƙarar da su a ƙasar nan. Harsashi ɗaya take ci, ana kiransa 45-70, wanda sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1873, dalmarsa ta kai giram 26, kuma dattijon da hannunsa yake ɗura baƙin albarushi a kwanso. Abin da ake harba siffofin dabbobi ne na ƙarfe, kaji a mita 200, aladu a 300, talo-talo a 385, raguna a 500. Ragon na nema, tunda bana ban yi layya a nan ba. Sau biyar ina kuskure, bindigar tana shurin kafaɗata, a na shida ya faɗi, ƙarar ƙarfen ta iso kunnena daga baya.

Amma hayaƙin ne ya kashe mini jiki. Fari ne mai warin farar wuta, sak na 'yan bindigar Sarki. Nan take na ga kaina a wuyan Baba a Ƙofar Kudu, sun saki bindigogi gaba ɗaya, dawakai suna zabura, mata suna guɗa, ni kuwa na toshe kunne ina kuka, amma na ƙi a sauke ni. Su nan shiru suke harbi, kunnuwa a rufe, mutum ya hura iska cikin bindiga ta wani bututu don dattin albarushi ya yi laushi, sannan ya rubuta sakamako a littafi. Ko kirari ɗaya ban ji ba.

A gaishe da Hajiya Kaka ƙwarai da gaske, a faɗa mata ina shafa man da ta ba ni, kuma ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ina gaida Kawu, da Gwaggo wadda na san yanzu tana kan suyar nama, ta ajiye mini dambu ko da zai shekara. A gaida Yaya da iyalinsa, da maƙwabta. Auta kuma goron Sallarsa yana hanya, in ya ji ƙarar bindiga ya tsaya ya shaƙi hayaƙin a madadina.

Naku,
ɗanku na Amurka